Shuɗin Fenti a Bayan Rigar Yaya Sani

A gidanmu na Daura, tatsuniya ba ta fara sai an sauke tukunyar tuwo, garwashi ya rage a murhu. Nan kakarmu Iya Dije take jawo tabarmarta, mu kuma mu kewaye ta. Ni dai ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba, har takan ce ƙaiƙayi aka zuba mini a zane. Amma akwai wani yammacin da aka samu wanda ya fi ni rashin zama, wato wana, Yaya Sani.

Washegari ne zai tafi Sandamu gaida iyayen yarinyar da yake nema, karo na farko. Farar shadda ɗaya gare shi tak, ya karɓo ta daga wurin tela ranar. Ya saka don ya gwada, ya fita zaure yana taƙama, ya jingina da bango. Ya manta Baba ya sa an shafa wa zauren shuɗin fenti da la'asar. Maimakon ya fito a gani, sai kunya ta sa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, yana goga da tsumma. Sai bayan magariba ya fito da rigar a hannu, ido ja, yana cewa in ɗora masa ruwan zafi, shi zai je neman kananzir.

Iya ta fizge rigar, ta shinshina, ta murza da yatsa.

"Na ruwa ne, ba na mai ba," in ji ta. "Kai mijin nawa, kananzir za ka je wa surukai da shi? Ruwan zafi kuwa dafa shi zai yi a jikin zaren."

Ta sa cokali ta kwashe inda ya yi kauri. Ta juya rigar ciki waje, ta sa na riƙa kwarara ruwan randa ta bayan tabon, shuɗin yana bin rariya. Sannan ta goga sabulu, ta tsoma ta a baho, ta ɗora ƙafarta a bakin bahon. Ta ce ba mai taɓa shi sai tatsuniya ta ƙare.

Yaya ya kasa zama. Ya je ƙofa, ya dawo, ya leƙa baho, ya sake tafiya. Ni ma sai leƙen bahon nake, don na san in rigar ta ɓaci ba shi da wata, kuma ba zai yarda ya je da ta aro ba.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," in ji Iya. Muka ce ta iso lafiya.

Ta ce a da hankaka fari ne fat, kamar balbela. Wata rana su biyu suka bi ta marina, sai mai rini ya watsa ruwan baba ya same su. Balbela ta faɗa tafki nan take, kwaɗi suna ta yi mata dariya, ba ta kula ba. Hankaka kuwa ya ce shi ba za a gan shi yana wanka gaban kwaɗi ba. Ya haye rimi, ya rungume ƙirjinsa da fukafukai, yana jiran kowa ya watse. Kafin a watse rana ta gama aikinta. Da ya sauko ya yi wanka har ya gaji, ƙirjin da ya rufe ne kawai ya tsira.

Ranar Iya ta ja labarin da gangan. Sai da ta kwaikwayi muryar kowane kwaɗo. Duk lokacin da Yaya ya miƙa hannu wajen baho, ta buge shi da mafici ba tare da ta katse magana ba. Da ta rufe da cewa ta ƙare, kan ɓera ya sha da ƙyar, sai ta ɗaga rigar ta cuɗa, ta bi da tsohon burushi. Duk ya fita, in ban da wani ɗan dishi-dishi a kafaɗa, inda ya bushe lokacin da yake ɓoye a ɗaki.

"Wannan rabon hankaka ne," ta ce masa. "Ka tafi da shi."

Ya tafi da shi, aka kuma ba shi matar.

Na daɗe ina zaton gaggawa kawai Iya take koya mana. Sai da na girma na ga ashe abu biyu ne: ka yi saurin kaiwa ga ruwa ko ana dariya, in ka kai kuma ka iya jira. Na farkon bai taɓa yi mini wuya ba, na biyun har yau ina fama.

Bara, a wajen sunan jikarsa a Sandamu, inda yake zaune yanzu, Yaya ya faɗa mini magana mai zafi gaban mutane. Na baro Sandamu ban yi sallama ba, na rantse a raina ba zan sake taka gidansa ba. Na kasa cin abinci, na kasa zama, ina ta zagaye tsakar gida. Ko sallar isha'i ba a kira ba na ji babur ya tsaya a ƙofa. Ya shigo da furfurarsa, ya tsuguna nesa da ni, bai ko cire hular kwano ba.

"Na zo ne tun bai bushe ba," in ji shi.

Na tashi na ɗebo masa ruwa a randa.