Tinga da Ƙyallen Lambar Girma

Shekara talatin da huɗu Tinga Kabre yana ɗinki a Wagadugu, bai taɓa yi wa mutum rigar da ta zauna masa daidai ba. Abu ɗaya ya iya: ɗinka ƙyallen da ake rataya lambar girma ta ƙasa da shi. A nan kam ba a ja da shi. Duk shekara kafin bikin 'yancin kai sai a kawo masa kwali cike da taurarin lambar, ya yanka ƙyalle, ya kalmashe, ya maƙala.

Wanda ya zo ɗaurin maɓalli ma sai ya sha tarihin lambar. A faɗarsa, tauraron farko tsininsa ya yi yawa, yana ta huda rigunan manya, shi ya ba da shawarar a dakushe shi.

"Kai ɗin?" in ji matarsa Pogbi. "Kai da ko mai unguwa bai san sunanka ba?"

"Ke dai ci gaba da tuƙa tuwonki. Maganar ƙasa ake yi."

Ita kuwa ragowar ƙyallen take kwashewa. Da shi take yi wa jikoki mazagin wando, da shi take ɗaure ƙafar kaji in za ta kasuwa.

A shekarar da idonsa ya fara rauni, takarda ta iso: shi ma za a ba shi lambar, ƙaramar cikinsu. Don a hutar da shi, aka kai ɗinkin bana wurin wani tela.

Ran biki ya sa babbar rigar saƙi ya shiga layi. Da babban jami'i ya maƙala masa, ana tafi, Tinga ya sunkuya ya duba ƙirjinsa. Kalmasar a karkace, ga zare yana reto.

"Ranka ya daɗe, wane maƙiyin ƙasa ne ya yi wannan?"

Jami'in ya yi kamar bai ji ba, ya wuce. Tinga ya cire lambar, ya zaro allura daga hularsa, ya farke ɗinkin nan take. Tsohuwar ungozomar da ke gefensa ta leƙo.

"Baba, tawa ma kamar ta karkace."

Kafin a gama jawabi, mutum ashirin da wani abu sun kewaye shi a gindin darbejiya, har da wani kanar mai ƙaton tumbi, kowa da tauraronsa a hannu. Tinga na ɗinki yana tsaki. Aka kira hoto bai je ba, aka kira abinci bai ji ba.

Da yamma suka hau babur. Pogbi ta ce, "Na cinye kazar da aka zuba maka, kada ta huce a banza."

"Kin kyauta. Ina tawa lambar?"

Suka lalube aljihu, suka kakkaɓe riga, babu. Ashe ya haɗa wa kanar biyu. Sai da aka kwana tara wani soja ya kawo ta a ambulan, tare da wandon kanar guda uku, wai a ƙara musu ƙugu.