Na Je Awon Suga, Na Tarar Ɓarayin Intanet Sun Kulle Asibiti

Muna idar da sallar asuba muka bar Funtua, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa mai tari duk sanda ta hangi tudu. Kaduna muka nufa. Zan ga likita kan ciwon suga a wani asibitin kuɗi kusa da Badarawa, inda 'yata ta fari take shugabantar sashen kwamfuta.

A Kwangila ta Zariya muka tsaya ya ci waina da miya. Ni kuwa an hana ni cin komai kafin awon jini, sai kallo da haɗiyar yawu. Ya yi ta mitar tsadar waina, amma bai fasa neman ƙari ba. Hanya ta yi mana kyau, in ban da wajen Jaji da tireloli suka riƙe mu.

Da hantsi muka wuce gadar Kawo. Muna shiga asibitin na san ba lafiya. Layi har bakin ƙofa, ma'aikata sun yi cirko-cirko, kowace kwamfuta da jan rubutu a fuskarta. Wata nas ta ce ɓarayin intanet ne suka shigo ta wani saƙon bogi, suka kulle bayanan marasa lafiya, wai sai an biya su za su buɗe. Ta ce in je in ci abinci, awo sai gobe.

Kusa da ni wata mata ce tallafe da mijinta, ƙafafunsa sun kumbura, ya zo wankin ƙoda. Sakamakon gwajinsa da magungunansa duk suna cikin abin da aka kulle, likita kuma ya ce ba zai ɗora shi kan na'ura da ka ba.

Sai ga 'yar tawa ta fito da sauri. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau sai a hankali." Tana miƙewa ta sa aka cire duk wayoyin intanet, ta ce kowane sashe ya koma takarda da biro kamar yadda suka sha gwadawa.

Mai asibitin, wani dattijon likita, ya tare ta a baranda. "Hajiya, a biya su mana. Rai ake magana."

"Ranka ya daɗe, ko an biya babu tabbacin za su buɗe. Muna da kwafin bayanan a ma'ajiyar da ba ta haɗe da intanet. Ka ba ni zuwa azahar."

Ya dube ta ya ce, "Na ba ki."

Da masu wankin ƙoda ta fara. Mun dawo daga sallar azahar ke nan aka kira sunan mijin matar nan, aka tura shi ciki a keke. Matar ta share hawaye ta ce, "Allah Ya yi wa iyayen yarinyar nan albarka." Ƙanena ya zungure ni. Na sunkuyar da kai na ce amin.

A gidanta na Kurmin Mashi muka kwana. Ta dawo bayan magariba a gajiye, ta ce ba duka aka ceto ba, aikin jiya sai an sake shigar da shi da hannu.

Washegari aka yi mini awo, suga ya ɗan sauka. Muka bi ta Mando muka kama hanya, la'asar ta yi mana a gida. Tafiyar nan ta koya mini cewa yanzu tsaron asibiti ba a bakin ƙofa kaɗai yake ba, kuma shirin da aka yi tun ana zaman lafiya shi ke tsayawa ranar tashin hankali.

A wajenmu uba ba ya yabon 'yar fari a gabanta. Da za mu rabu, "Allah Ya yi albarka" kawai na iya ce mata. Sauran yabon kuwa ƙanena ne ya sha jin sa, tun daga Mando har ƙofar gida.