Ba Ni Ba, In Ji Kwaɗo

Shekarar da malamai suka yi ta yajin aiki har aka rufe lakwal, sai aka kwashe ni daga Maraɗi aka kai ni Jiratawa wurin kakata, Iya Hajo. Lokacin sanyi ne. Da an yi isha'i sai ta hura karan hatsi a tsakar gida, mu kewaye ta muna ɗumama ƙafafu.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta baƙon tsuntsu. Iska ta raba shi da danginsa, ya faɗo bakin tabki a jigace, ya roƙi kwaɗo ya rufa masa asiri har ya yi ƙarfi. Kwaɗo ya rantse. To, baki da faɗi! Ya gaya wa zalɓe kaɗai, zalɓe ya gaya wa maharbi kaɗai. "Shi ya sa har gobe," in ji Iya, "kwaɗi ke kwana suna ba-ni-ba, ba-ni-ba."

Wata safiya ta ja ni bayan garkar albasarta, ta nuna mani wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu yana kiwo cikin taɓo. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin irinsa ba. "Baƙonmu ne, ɗiyata. Ki kama bakinki."

Kwana uku na kama bakina. Sai ga Kawu Sani daga Tsibiri, wai wasu nasaru masu kallon tsuntsaye sun ji ƙishin-ƙishin wani baƙon tsuntsu, sun taso tun daga Yamai suna cigiya.

"Kallo kawai, Kawu?"

"Wallahi kallo kawai. Ko gashinsa ba mai taɓawa."

Na nuna masa wurin.

Ashe shi a ganinsa abin kunya ne a bar manyan baƙi su shiga taɓo. Da asuba ya ɗana tarko, ya kai masu tsuntsun cikin kwando har bakin mota, ƙafa ɗaya a karye, shi kuwa Kawu yana ta washe baki. Macen cikinsu ta fashe da kuka. Kafin azahar tsuntsun ya mutu.

Iya ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni. Tatsuniyar ce ba ta ƙara yi ba har ta bar duniya.

Na tsani Kawu, wallahi na tsane shi. Ya rantse mani da Allah, ya ci amanata. Shekaru na yi ina gaya wa duk mai saurare cewa laifinsa ne, ba ni ba. Sai ran da nake yi wa ɗiyata ta fari tatsuniyar, na iso wurin kukan kwaɗo, sannan na ji abin da bakina ya daɗe yana faɗi.