Zanen Ƙafar Zabo

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini, amma ranar da aka dawo wa Gwaggona da fasasshen tulu ba za ta bar raina ba.

Tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan ne. A Bodinga Gwaggo ta koya mini ginin tukwane. Tana daka tsingaro ta cuɗa da yumɓu, ta bar tulu ya bushe a inuwa har sai ta gamsu. A wuyansa kuma takan yi zanen ƙafar zabo da tsinke. Daga nan har Horo Birni, mace in ta ga wannan zane ba ta ko ƙwanƙwasa tulun ta ji ƙararsa.

Nawa kuwa sai an ƙwanƙwasa, a juya, a ajiye. Abin ya ci mini rai. Wata rana na gina tuluna cikin gaggawa, na rage tsingaro don dakan da wuya, na shanya su a rana, na kuma saci zanenta na ɗora musu, na kai su kasuwa.

Bayan kwana kaɗan wata Bafulatana daga Dandin Mahe ta yi sallama, riƙe da wuyan tulu. Ya tsage mata a hanyar rijiya mai nisa, yaranta suka wuni da ƙishi.

"Inna, don zanenki fa na ɗauka ban gwada ba," in ji ta.

Gwaggo ta shafa cikinsa da yatsa. Ta san ba hannunta ba ne. Ina tsugune gefenta, na jira ta dube ni. Ba ta dube ni ba.

"Ki gafarce ni, ɗiyata. Wanga laihi na gidanga ne," ta ce, ta ɗauko mata tulun da take shan ruwa da shi.

Ranar kasuwa kuwa na ga mata suna ƙwanƙwasa tulunan Gwaggo a gabanta, ita tana miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi ta yi har ta rasu, ban buɗe baki na wanke ta ba.

Abin da na koya shi ne, yardar da mutum ya shekara yana ginawa, wani na iya fasa ta a wuni ɗaya. Neman gafara kuma ana yin sa ne tun mai haƙƙin yana ji. Allah ya jiƙan Gwaggo, ni kuma ya yafe mini.