Tabarmin da Babu Su a Littafi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, Turawa na ta ɗaure kayansu suna komawa gida, ni kuma ina amarya a Tambuwal, shekarata ɗaya da 'yan watanni a ɗaki. Maigidana direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature mai duba rijiyoyi, da Baturen zai tafi sai ya bar masa tsohuwar jif ɗin da suka sha yawon daji da ita. Koriya ce, gajera, mai rufin tamfol, da tayar ko-ta-kwana a ɗaure bisa bonet. Ya haɗa masa har da littafinta na Turanci, wanda bangonsa ya sha baƙin mai. Maigidana ba ya karanta boko, ni kuwa na yi makarantar 'yan mata ta kwana har na gama sakandare, abin da ba kasafai ake samu ba a lokacin. Saboda haka littafin ya dawo hannuna, ni ma na fara jin kaina rabin makanike.

Ina ɗauke da cikin fari. A al'adarmu idan ciki ya kai wata bakwai ana mayar da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta. Iyayena suna Kebbe. Wata na bakwai ya zo motar na kwance, ana jiran wani ƙarfe daga Sakkwato. Surukina ya ce ba za a ɗora ni a kan jaki ba cikin wannan zafin bazara, manyan motoci kuwa ba sa son hanyar saboda yashi. Haka muka yi ta jira har na shiga wata na tara. Duk ranar kasuwa sai mahaifiyata ta aiko a tambaya ko lafiya. Ni kuma ba abin da nake roƙo a sujada kamar Allah ya sauke ni a ɗakinta. Tsoro nake ji ƙwarai, amma kunyar cikin fari ba ta barin mutum ya faɗa.

Da ƙarfen ya iso, kwana uku maigidana ya yi yana shirya motar a gindin dogonyaron ƙofar gida. Ni ina daga cikin zaure bisa kujera 'yar tsugunno, littafi a cinya, ina karanto masa ina fassarawa. Ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Ya wanke lagireto har sai da ruwan ya fito fari. Ya kwance fulogai ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ƙarƙashi ya bi kowace gaɓa da giris, ya fitar da kowane tif ya tsoma a daro yana neman inda iska ke fita.

"Malama, mi littafi yac ce a riƙa in za a shiga daji?"

Haka yake kirana idan yana son tsokana. Na karanto masa: jarkar ruwa, jarkar fetur, fambel na ajiya, jak, famfon iska, kayan faci, shebur, igiya. Ina faɗa yana ɗagawa yana nuna mini, ina sa alama da fensir. Ba ƙaramin daɗi na ji ba da komai ya cika.

Ranar ƙarshe da la'asar sai na ga ya ɗauko wasu tsofaffin tabarmin kaba guda huɗu, masu kauri, baƙi ƙirin da mai, gefensu duk ya zare. Ya naɗe su ya ɗaure ya tura can ƙasan kaya. Na duba littafi daga farko har ƙarshe, ban ga tabarma ba. Ban tambaye shi ba. Na ce a raina halin direbobi ne, tarkace ba ya fita daga motarsu.

To ni ma ina da nawa tabarmin. Tun ina makaranta mahaifiyata ke cewa 'yar boko ba ta iya riƙe kaba, yatsunta na alƙalami ne. Abin ya tsaya mini a rai. Da na yi aure sai na roƙi ƙanwar surukina, wadda muke kira Gwaggo, ta koya mini saƙa. Wata bakwai ina yi, ina warwarewa, ina sakewa, har na gama manya biyu da ƙarama ɗaya ta salla mai ratsin ja da kore. Su ne tsarabar da zan shimfiɗa a gaban mahaifiyata ba tare da na ce komai ba.

Da asuba ranar tafiya, maigidana ya tsaya gaida mahaifinsa bayan masallaci, na zo sa kayana na tarar babu wuri. Ga kuma tunanin a ce mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, mata sun taru ana sauke kaya, a jawo waɗannan tsummokaran a gaban dangina. Na ja su waje da ƙyar, na jefa bayan rumbu, na jera nawa a gurbinsu, na rufe da tamfol. Har na kakkaɓe hannu ina jin na yi gyara.

Mu uku muka kama hanya: shi, ni, da Gwaggo da za ta miƙa ni ga iyayena. Gwaggo ba ta taɓa shiga ƙaramar mota ba. Tun daga bakin gari take salati duk lokacin da muka faɗa rami.

"Kai ɗan nan, wagga aba taka ba ta san tsoho ba? Jaki ma shina duba inda zai taka."

"Gwaggo, ki riƙe ƙarfen nan na gabanki."

"Na riƙe Allah, shi ya fi ƙarfenka."

Tun hantsi na fara jin bayana na ɗaurewa yana saki. Na ce a raina girgizar mota ce.

Rana na tsaka muka iso wani busasshen rafi mai faɗi, yashi fari fat har ɗaya gaɓar. Maigidana ya tsaya ya sauka. Ya taka yashin da ƙafa ya dawo, ya bi tayoyin huɗu ya rage musu iska, ya ce taya mai laushi ta fi zama bisa yashi. Ya ja wata ƙaramar giya mai jan kai, ya yi bisimilla, muka shiga. Motar na gurnani tana tafiya a hankali kamar saniya mai ciki. Mun wuce rabi kaɗan sai na ji gindinta ya zauna. Ya ƙara wuta sau ɗaya, yashi ya tashi, ya kashe ta.

"Ba komi," in ji shi. "Wannan aikin minti goma ne."

Ya ɗauki shebur ya kwashe yashin gaban tayoyi, yana 'yar waƙarsa. Sannan ya zagaya baya ya ɗaga tamfol. Na ji yana sauke kaya. Na ji waƙar ta tsaya.

"Gwaggo, ko kin ga wasu tabarmi da na aje nan ƙasa?"

"Waɗanne? Ni ƙullin gorona kaɗai na sani."

A lokacin ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Su ake shimfiɗa wa taya ta taka ta fita daga yashi. Baƙin da ke jikinsu ba ƙazanta ba ce, aiki ne. Na sunkuyar da kai na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Suna bayan rumbu."

Ya zagayo ya tsaya ta gefena. Na jira faɗa. Sai ya cire hula, ya share zufa, ya dubi sama ya yi istirja'i. Can ya ce a hankali, "Babu su cikin littafi, ko?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya je gaɓa ya saro rassan sabara da geza ya cusa ƙarƙashin tayoyi. Taya ta niƙe su ta watso baya, motar ta ƙara nutsewa. Ya sake haƙa, ya sake gwadawa, haka dai. Yashin ya yi zafin da ba a iya tsayawa a kai ba takalmi. Muka yi azahar a inuwar motar. Bayan sallama ya ce abin da ya rage shi ne ya taka zuwa ƙauyen da muka wuce ya samo mutane da shanun huɗa su ja mu. Zuwa da dawowa, sai dai gab da magariba.

Ni kuwa ɗaurewar nan ta daina wasa. Tana zuwa tana tafiya, kuma tazarar na raguwa. Na kama ƙarfen ƙofa na matse, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ko da wuƙa a wuya ba zan iya buɗe baki in gaya wa mijina ina naƙuda ba. Ashe Gwaggo na kallon hannuna. Ta matso ta dafa cikina, sannan ta raɗa mini, "Tun yaushe?" Na ce tun hantsi. Ta ce, "Ke dai an yi 'yar banza mai zurfin ciki."

Ta ɗaga murya. "Kai, dawo. Ba inda za ka. Yarinyar ga ba ta jiran shanu."

Ya tsaya cak. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Na ce wa Gwaggo, ba shi ba, "Akwai tabarmi a motar."

Ita ta san watanni nawa ke cikinsu. Ta dube ni, ta ce, "To, ɗiyata." Ta tashi ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta jawo manyan biyun. Ƙaramar ta miƙo mini, ta kama hannuna ta tsallakar da ni zuwa ɗaya gaɓar, ta zaunar da ni a inuwar wani kalgo, ta koma.

Daga nan na kalli aikin. Ya haƙa, ya ɗaga motar da jak, ya tura bakin tabarma ƙarƙashin kowace tayar baya. Ya tayar, motar ta hau, ta yi gaba tsawon tabarma ɗaya, ta tsaya. Gwaggo ta jawo su daga baya ta kawo gaba, tsohuwa da furfura, tana tafe tana yi wa motar faɗa. A sake shimfiɗawa, a sake hawa. Ina ganin kabar da na rina da hannuna tana tsinkewa tana tashi sama. A karo na shida ko na bakwai ɗaya ta rabe biyu. Suka ci gaba da guntayen. Saura hawan gaɓa kawai, kamar taku goma daga inda nake, tayar hagu ta sake zama tana juyawa a banza, ba sauran abin sa mata.

Ina rungume da ƙaramar a ƙirjina. Na jira ɗaurewar ta sake ni, na dafa kalgon na miƙe, na taka na kai masa. Ya dubi ratsin ja da koren, ya ce, "Wagga ta salla ce." Na ce, "Sa ta." Ya durƙusa ya shimfiɗa ta da hannu biyu kamar mai shirin kabbara. Taya ta kama, motar ta yi tsalle ta hau tudu. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakiyar daji.

Ƙa'ida ita ce in an fita yashi a tsaya a mayar wa tayoyi iskarsu da famfo. Mutumin da ya kwana uku yana bin ƙusa ɗaya-ɗaya bai ko dubi famfon ba. Haka ya tuƙa mu a kan tayoyi masu laushi har Kebbe, ɗaya ta lalace ba ta ƙara moruwa ba. Mun isa bayan la'asar. Ya tsaya nesa da zaure saboda kunyar surukai, mata suka fito suka shige da ni. Ana kiran magariba Allah ya sauke ni lafiya, a ɗakin mahaifiyata, kaina bisa cinyarta.

Sai bayan kwana biyu na ga ƙaramar tabarmar a rataye a kan danga, an wanke ta. Ashe Gwaggo ta tsinto ta, ta kuma ba da labari tas, har da na bayan rumbu. Sawun taya ya ratsa ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, wanki bai fitar da shi ba. Mahaifiyata ta shigo da ita, ta zauna bakin gado tana juya ta, tana bin saƙar da babban yatsa.

"Wa ya kama miki bakin tabarmar?"

"Ni na yi, Inna."

"Ya karkace nan." Ta nuna. Ta ƙara dubawa. "Amma saƙar ta matsu. Da sako-sako ce da mota ta cinye ta."

Iyakar yabon ke nan, kuma ya ishe ni. A kan tabarmar nan ta yi salla har ƙarfinta ya ƙare. In baƙuwa ta ce a sake mata sabuwa, sai ta ce a bar mata kayanta, sawun abin da ya kawo mata ɗiyarta ne.

Dukansu uku, Inna da Gwaggo da maigidana, sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Na daɗe ina tuna ranar nan. Ba mugunta ta sa na jefar da tabarminsa ba, tsabta ce da son a ga kyau, da kuma ganin cewa abin da ba a rubuta ba ba ilimi ba ne. Tambaya ɗaya da na yi masa a zaure da ta wadatar. Har yau ba na zubar da abin wani, ko gwangwani ne, sai na ce, "Wannan na mene ne?" Jikokina na yi mini dariya a kai, ina barinsu su yi.

Maigidana bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai ranar da ya zo mayar da ni bayan na gama wankan jego, na leƙa bayan motar na ga tsofaffin tabarmin nan huɗu a naɗe a wurinsu. Kafin ya tayar, ya buɗe aljihun gaba ya ciro littafin da guntun fensir, ya buɗe shafin da na yi wa alamomi, ya miƙo mini.

"Malama, Bature ya yi mantuwa. Ƙara mishi."

Littafin na nan a akwatina. A ƙasan jerin Turancin, bayan shebur da igiya, akwai layi ɗaya da Hausa, da rubutuna na 'yar makaranta: tabarma huɗu.