Kwamfutocin Malam Jibirilla Masu Wankan Juma'a

"Malam, ga saƙon nan na jiya ya sake fitowa. Komai zai goge!"

'Yata Najiba ce ta faɗa. Ranar ƙarshe ce ta cika takardar shiga makarantar jinya, ƙarfe huɗu za a rufe shafin, ga uku ta wuce. Jiya war haka, a wani shagon intanet na unguwar Bépanda, burauza, manhajar shiga intanet, ta rufe kanta don sabuntawa, ta tafi da aikin awa biyu ba ta tambayi kowa ba.

Malam Jibirilla, mai shagon intanet ɗin da muke ciki, bai ko ajiye kofin shayinsa ba.

"Karanta mini abin da kwamfutar ta ce, 'yata."

"Wai yanzu ko an jima."

"To tambaya ta yi, ba umarni ba. Ke ce kan kujera. Ce mata an jima."

Ya juyo gare ni. "Kai kuma Baban Najiba, zauna. Zagayen nan naka ya fi ruwan saman nan ta da hankali."

Shekara goma sha takwas yana buɗe shagonsa a unguwar New Bell da hantsi, ya goge kwamfutoci bakwai da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar da wata bazawara ta yi kuka a gabansa kan takardar fanshon mijinta da ta ɓace, ya zauna ya saita kowacce, ba mai sabunta kanta sai ta nemi izinin wanda ke zaune. Kuma ba ya barinsu su tsufa ɓarayin intanet su samu ƙofa. Duk Juma'a, in zai tafi masallaci, sai ya danna musu sabuntawa, ya ja ƙofa ya kulle. 'Yan babur na bakin layi suna tsokanarsa wai kwamfutocinsa ma wankan Juma'a suke yi. Shi kuwa ya ce ai sun fi wasu tsabta.

Malam Jibirilla, kai ne ka gane cewa mai cika takarda da kuɗin cefanen gidansa ba shi da damar sakewa sau biyu. Mai haƙurin New Bell, mun gode. Masu shagunan unguwannin Kotto da Bonanjo, ku zo ku ga yadda ake yi tun bai tafi ba, don idanunsa sun gaji, ƙarshen wata zai ajiye aiki.

Saura minti tara a rufe shafin takardar Najiba ta shiga. Ya buga mata shaida a takarda, ya ce ta ɓoye ta kada ruwa ya taɓa.

Ni ta ba ajiya, tana cikin aljihuna har yau. Sakamako bai fito ba, kuma ba mu san wanda zai karɓi mabuɗin shagon ba.