Ɗakin da Na Ba Ishaku

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na iske Ishaku a bayan tankin ruwa ba, zaune a kan bokitin da ya kifa, ana yayyafi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku matso ku ji, domin kuskuren da na yi da zuciya ɗaya na yi shi, har ina bugun ƙirji.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya ina aikin kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, an riga an ɗaga ni zuwa babban fota. Ga wanda bai sani ba, fota shi ne mai riƙe da makullai da rijista, shi ke raba ɗaki, shi ke karɓar ƙorafin famfo da ƙwan lantarki. A samana akwai Madam Rifkatu, mai duba gidajen kwanan ɗalibai uku. A samanta kuma akwai shugaban sashen kula da ɗalibai, wanda ba ma ganinsa sai a takarda. Ɗakunan cikin makaranta sun yi kaɗan, sai jami'ar ta kama hayar wani bene a Gonin Gora, ɗaki ashirin da huɗu, sha biyu ƙasa sha biyu sama, maza zalla. Can aka tura ni.

Duk wanda ya san Gonin Gora ya san abin da nake nufi idan na ce gidan a bakin titi yake. Tireloli na taka burki, 'yan kamasho na ihun Abuja, masu burodi da ayaba na bin motoci da gudu. Jikin katangarmu Malam Sani mai faci ne da injinsa na iska, gaba kaɗan mai cajin waya da lasifikarsa da ba ta gajiya. Ni dai kunnena ya riga ya saba. Ranar da na je gida Mahuta ma shirun ne yake damuna.

To, akwai takardar umarni daga ofis, an manna ta a bangon ɗan ɗakina. Ta ce duk ɗalibi mai lalura a ba shi ɗakin ƙasa mafi kusa da ƙofar shiga, kada a wahalar da shi da matakala. Doka ce mai kyau, har yau ban ce ba ta da kyau ba. Da aka kawo Ishaku a farkon shekarar karatu, saurayi daga wajen Zonkwa, dogo, ba ya gani tun yana ƙarami, ban ɓata lokaci ba. Na ɗauki makullin ɗaki na ɗaya na danƙa masa.

Na ce, "Ɗana, ka yi sa'a. Taku biyar daga ƙofa, kuma kai kaɗai ne a ciki. Ga taga babba, iska sai ka ce a gona."

Ya ce, "Na gode, Baba Bitrus. Allah Ya saka."

Wannan taga da nake yabo, titi take kallo. Asali ma mai gidan shago ya gina a wurin kafin a toshe shi a mai da shi ɗaki. Amma ni ina! Duk baƙon da ya zo daga ofis sai na nuna masa yadda muke kula da ɗalibinmu.

Zangon farko ya wuce. Sakamako ya fito, na ji a bakin ɗalibai cewa Ishaku bai yi abin kirki ba, har an ba shi takardar gargaɗi. Ma'anar takardar nan ita ce idan ya sake faɗuwa a zango na biyu, sallamarsa za a yi, ya tattara kayansa ya koma gida. Na ji ba daɗi, amma a raina na ce ai karatun jami'a ko mai ido yana shan wuya. Ban haɗa abin da ɗakin da na ba shi ba ko kaɗan.

Sai wannan Asabar, saura mako uku jarrabawa. Na zagaya baya da rana don in duba ko tanki ya cika, na gan shi a takure tsakanin tanki da igiyar shanya, ya rufe kai da tawul, ya kara wata 'yar na'ura a kunne. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba.

Na ce, "Haba Ishaku! Ɗakin da kowa ke ƙyashi na ba ka, ka zo ka zauna a bakin kwata cikin ruwa? So kake a ce ba ma kula da kai?"

Ya kashe na'urar, ya miƙe tsaye don girmamawa.

Ya ce, "Baba, ɗakin ba shi da laifi. Karatu ne dai ba na iya yi a ciki."

Ya miƙo mini na'urar. Ashe da ita yake ɗaukar muryar malamai a aji, ya dawo ya saurara, ya maimaita har ya haddace. Muryar kuwa daga nesa take fitowa, can ƙasa-ƙasa, da tarin ɗalibai da ƙarar fanka a ciki. Ya ce a da yana sa abin sauraro a kunne ya ƙure ƙara, har kunnen ya fara ciwo yana ruwa, likitan makaranta ya hana shi.

"Abokaina da ido suke karatu, Baba, ko ana kiɗa a kansu za su iya. Ni kunnen nan shi ne littafina."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini tun tuni?"

"Na ji yadda kake murna da ka ba ni ɗakin. Ban so in zama marar godiya."

Kai! Maganar nan ta soke ni. Na wuce kai tsaye ɗaki na ɗaya, na zauna a bakin gadonsa, na rufe idona, na kunna na'urar. Jama'a, ko jimla ɗaya ban kama ba. Tirela ta wuce, gilashin taga ya yi rawa. Kafin in dawo hayyacina injin Malam Sani ya tashi. Wata shida ina wucewa ta ƙofar ɗakin nan, ban taɓa jin abin da yaron nan ke ji ba.

Da yake ni mai zafin nama ne, sai na fita zan gyara titi. Na sami Malam Sani, muka gaisa, na yi masa bayani. Mutumin kirki, nan take ya ce zai ja injin zuwa ƙarshen katanga. Na dawo da fara'a na gaya wa Ishaku, sai na ga ya firgita.

"Don Allah, Baba, kada ya matsar da shi. Idan bas ya sauke mu, ƙarar injin nan nake bi in gane ƙofarmu."

Ka ji fa. Sau biyu ke nan ina yi wa mutum alheri ban tambaye shi ba. Na koma na ce wa Malam Sani ya bar injinsa inda yake, ya yi ta mini dariya. Sannan na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce, "Ishaku, kai wane ɗaki kake so?"

Ko tunani bai yi ba. Ya ce na ashirin da huɗu, sama, can ƙuryar baya, mai kallon gonakin masara. Ya taɓa shiga gaida wani, ya ce titi a can kamar ruwan sama ne daga nesa.

Ranar Litinin na sa kakina na tafi ofishin Madam Rifkatu. Mace ce mai gaskiya, amma takarda a wurinta takarda ce.

Ta ce, "Bitrus, ka san abin da kake roƙo? In kai makaho sama? Idan ya faɗo, wa zai amsa tambaya? Ni da kai za a fara kora."

Na ce, "Madam, idan ya zauna ƙasa, shi za a kora, kuma mu muka kore shi. Ba na ce ki sa hannu yau ba. Ki zo ki gani da idonki, ki kuma tambaye shi."

Ta harare ni ta saman tabarau, ta ce na cika naci. Amma washegari da ƙarfe goma sai ga ta. Na fara kai ta ɗaki na ɗaya, na roƙe ta ta rufe ido. Ba ta yi minti biyu ba ta buɗe, ta ce ya isa. Daga nan muka tsaya a gindin matakala, aka kira Ishaku.

Ta ce, "Ɗana, za ka iya hawa nan kullum?"

Ya ce, "Mama, ƙafafuna lafiyarsu ƙalau. Matakala goma sha takwas ne, tara a juya, tara. Amma ki yi hankali da na bakwai, bakinsa ya gutsure. Kuma kada ki jingina da ƙarfen hagu a wajen juyawa, yana girgiza."

Ya ɗaga sandarsa ya haye, tak tak tak, ya tsaya a sama yana jiranmu. Madam ta bi a hankali tana haki, ni ina bayanta. Da ta kai na bakwai ta duƙa ta duba. Da ta kai juyawa ta taɓa ƙarfen, ya yi lilo. Ta juyo ta dube ni.

"Bitrus, wannan yana cikin rijistar gyara?"

Na ce babu. Ina ma ƙasa ta tsage in shige! Mu masu ido muna hawa kullum, ba wanda ya taɓa kai rahoto.

A nan tsaye ta ce in kawo takarda. Ta rubuta wa shugaban sashe cewa an sauya ɗaki bisa buƙatar ɗalibin da kansa, ta karanta wa Ishaku ya amince, ta sa hannu, na sa. Ta ba da sharaɗi a gyara matakala da ƙarfe kafin ya tare, aka kuwa gyara a kwana biyu. Mai ɗaki na ashirin da huɗu, wani Terna ɗan Binuwai da ke ajin ƙarshe, ko gardama bai yi ba. Ya ce dama hawa ya ishe shi, ga shi yanzu zai kusanci mai shayi. Shi da kansa ya ɗauki katifar Ishaku ya kai sama.

Kwana goma sha shida ya samu kafin jarrabawa. Idan na hau zagaye da yamma, sai in ji muryar malami tana fitowa a hankali daga ƙuryar nan, Ishaku na maimaitawa a bayanta. Sai in sassauta takuna in wuce.

Bayan hutu aka manna sakamako a allon sanarwa na cikin makaranta. Yana da abokai da yawa da za su duba masa, amma da safe sai ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakina.

"Baba, ka raka ni. So nake kai ka karanta mini."

Muka shiga bas tare. A gaban allon ya faɗa mini lambarsa, na bi layi da yatsa kamar ni na rubuta jarrabawar. Na samu. Na karanta masa darasi bayan darasi, har guda bakwai, babu faɗuwa ko ɗaya. Ya ce in sake. Na sake. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ni kuwa dattijo da furfurata na tsaya cikin ɗalibai ina share ido da hula.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Aikinmu cike yake da dokoki masu kyau, waɗanda suka rubuta su kuma alheri suke nufi, ku bi su. Amma ɗaliban nan da yawansu an tarbiyyantar da su kada su yi ƙorafi ga babba, musamman babban da yake ganin ya kyauta musu. Za su ce maka sun gode alhali suna cutuwa. Da ban zagaya bayan tanki ranar nan ba, da yaron nan ya koma Zonkwa yana zargin ƙwaƙwalwarsa, ni kuma ina nan ina yabon kaina. Don haka idan kun yi wa ɗalibi abin da kuke ganin gata ne, ku ja kujera ku tambaye shi yadda abin yake a wurinsa, kuma kada ku tashi a kan "na gode" ta farko.